Shagon ɗinkin bargo na garinmu a Ohio, da ranar da turaren wuta ya ba ni kunya

Salam 'yan uwa. Tun ranar da na ɗora hoton bargon nan mai shuɗi da ruwan ɗorawa ake ta tambayata, wai ni na ɗinka ko saya na yi, a ina na koya, nawa na kashe, har wata Antina ta kira ni daga Kaduna tana cewa in aiko mata da guda biyu kamar wani ƙosai ake toyawa. To yau yara sun tafi makaranta, Abbansu ya fita aiki, bari in zauna in ba ku labarin shagon gaba ɗaya, mai daɗin da mara daɗin. Sunan shagon dai ba zan rubuta ba, garin namu ƙarami ne, tafiyar kamar minti 40 daga Columbus, kuma cikin abin da zan faɗa akwai wanda ba yabo ba ne, ranar Asabar kuwa ido zai ga ido. Wadda take kusa tana son zuwa ta yi min magana a gefe.

Ni ɗinki tun a gida na iya shi, a keken Butterfly na Innarmu mai takawa da ƙafa na koya a Zariya, riga da siket, doguwar riga, kayan sallar ƙannena duk ni ce. Da aure ya kawo ni Amurka sai ɗinkin ya koma na gyaran wandon yara da rage tsawon labule. Zare da zif da ɗan yadi a Joann nake saya, to a 2025 kamfanin ya karye suka rufe shagunansu kusan 800 a faɗin ƙasar, dole na fara neman wani wurin, a haka na faɗa wannan ɗan shagon da na sha wucewa ta gabansa ban taɓa leƙawa ba. Zare baƙi guda ɗaya fa na shiga saya. Na fito bayan awa biyu da leda cike da ƙyallaye da takardar ranar gayya a hannuna.

Gayya na ce, don wallahi ba ni da wata kalmar da ta fi dacewa da abin. Su kwilt suke ce wa bargon, kuma hawa uku ne: na sama shi ne ƙyallayen da aka yanka aka harhaɗa suka ba da zane, na tsakiya auduga ce shimfiɗaɗɗiya kamar katifa marar kauri, na ƙasa kuma shafi ne falle ɗaya. Sai a bi duka ukun da ɗinki a manne su, a zo a naɗe baki da siririn ƙyalle. Mutum ɗaya zai iya yi, amma na sadaka yawanci taron dangi ake masa. Shagon yana da zaure a Facebook, mata sun haura ɗari a ciki, wasu ma ba a jihar suke ba, farkon kowane wata mai shagon za ta ɗora zane ɗaya da launukan da ake so, kowacce ta ɗinka murabba'i ɗaya ko biyu a gidanta ta kawo ko ta aiko ta gidan waya, Asabar ta biyu a wata kuma a taru a ɗakin baya a harhaɗa su. Daren Talata akwai zaman Zoom, kowa da kekenta a gabanta ana ɗinki ana hira, sun ce tun lokacin korona a 2020 suka fara shi suka kasa dainawa. Ni ko na ce ai wannan gayyar sussukar gero ce, kiɗan kawai babu.

Yawancin bargunan ana miƙa su ne ga reshen Project Linus na yankinmu. Wata mata ce mai suna Karen Loucks ta fara ƙungiyar a Denver a 1995, bayan ta karanta labarin wata ƙaramar yarinya mai ciwon daji da bargonta ke rage mata raɗaɗin magani, sunan kuma na wani yaro ne na zanen barkwanci da ba ya rabuwa da bargonsa. Yara suke ba wa, daga jariri zuwa ɗan shekara 18, masu jinya a asibiti ko waɗanda wata masifa ta faɗa wa. Akwai kuma wasu mata a cikinmu da ke yi wa Quilts of Valor, wadda Catherine Roberts ta kafa a 2003 lokacin ɗanta yana Iraƙi, su na sojoji da tsofaffin sojoji ne, babba ne kamar inci 60 da 80, yawanci ja da fari da shuɗi irin tutarsu. Ni dai na ce musu na yara zan yi, ba wadda ta tambaye ni dalili ba wadda ta canza min fuska, wannan ya burge ni.

Bari in fara da kaya da farashi tunda shi kuka fi tambaya. Yadinsu auduga ce zalla, faɗin inci 44 ko kusa da haka, mai kyau ne ba ƙarya, in kin taɓa shi kin san ba na araha ba ne, baya sakin zare baya zuba. Amma tsada kam sai dai addu'a. Yadi ɗaya dala 13 zuwa 14, ki lissafa yadi 6 na turmi ki ga inda kika tsaya, ni in na fara juya shi zuwa naira kaina ke ciwo sai in bari. Suna sayar da wani yanki da suke kira kwata mai ƙiba, sunan ya ba ni dariya ranar farko, rubu'in yadi ne amma an yanka shi inci 18 da 22 maimakon siriri dogo, ya fi amfani wajen yanke-yanke. Abin da na fi so kuwa shi ne ɗaurin ƙyallayen da aka riga aka yanka, murabba'i mai inci 5 guda 42 a ɗauri ɗaya, launukan duk sun dace da juna ba sai kin sha wahalar haɗawa ba. Ga mai koyo wannan shi ne hanya. Ki sayi ɗauri biyu, ki jera tara-tara layi tara, 81 kenan saura 3, in kin gama zai ba ki inci 40 da rabi kowane gefe, bargon jariri ya samu. Amma gaskiya in don kayan kawai ne, a intanet ya fi sauƙi, kamfanin Missouri Star da ke garin Hamilton a jihar Missouri suna yin rangwame kullum, kuma bidiyon koyarwa na Jenny Doan ta kamfanin nasu a YouTube kyauta ne, nan na koyi rabin abin da na iya. Shagon namu ba zai iya gasa da su a farashi ba kuma su ma sun sani.

Sai dai akwai kwandon sadaka a bakin ƙofar ɗakin baya, ragowar yadi da mutane ke kawowa, in bargon sadaka za ki yi ki ɗiba kyauta ba mai ƙirga miki. Audugar ciki ma shagon ke bayarwa. To kun ga wadda ba ta da ko sisi za ta iya shiga gayyar, keke da lokaci kawai ake buƙata, keken ma akwai guda huɗu na aro a wurin.

Kunyata ta farko a kan awo ce. Ni da nake ganin na fi shekara 15 ina ɗinki, na shiga da ƙafar dama ina jin ai waɗannan tsofaffin ba abin da za su nuna min. Zanen watan mai sauƙi ne, ƙyalle tara mai inci 4 da rabi, uku-uku, in an haɗa ya fito inci 12 da rabi. Na ɗinka guda huɗu a dare ɗaya na kai ina taƙama. Wata tsohuwa mai farin gashi da ke kula da awo ta ɗora ruler a kai ta ɗago ta kalle ni ta saman tabarau, nawa 11 da rabi ne. Mu ai telan gida alawus yake bari, rabin inci ko fiye, saboda gobe in mai riga ta yi ƙiba a buɗe mata, hannuna ya saba da haka. Nan kuwa kwata inci ne cif, ba ƙari ba ragi, domin murabba'inki da na wata mata da ba ki taɓa gani ba a wata jiha za a haɗa, in naki ya gaza da inci ɗaya layin gaba ɗaya ya karkace. Ba ta yi min faɗa ba, ta miƙo min abin farke ɗinki ta zauna kusa da ni muka farke tare tana ba ni labarin jikokinta, sannan ta manna min ɗan salatif a jikin keken daidai kwata inci daga allura ta ce in riƙa bin gefensa. Guga ma sai da aka sake koya min, wai ba a jan dutsen kamar mai gugar shadda, dannawa ake a ɗaga, in kin ja ƙyallen zai miƙe awon ya lalace. Almakashi kuwa kusan ba a taɓa shi, wata wuƙa ce mai taya ta kamfanin Olfa na Japan, ki ɗora ruler ki gungura ta yanke hawa huɗu lokaci ɗaya. Kaifinta ba wasa, na ga jinina sau ɗaya, in kina da ƙananan yara ki rufe ta ki ɗora sama.

Ta biyun ita ce har yau in na tuna sai na rufe fuska. Na gama bargona na farko ni kaɗai daga farko har ƙarshe, wata biyu ina fama, ya yi kyau masha Allah. To ku kun san mu, ai ba a ba mutum kyauta haka ƙandas. Na ɗauko kaskona da kabbasa, na cire batirin ƙararrawar hayaƙin falo kamar yadda na saba, na zuba turaren wuta na Maiduguri mai tsada wanda nake ɓoyo, na lulluɓa bargon ya sha ya ƙoshi, har da ɗan shafa masa humra a gefe-gefe. A raina ina cewa yaron da zai samu wannan ya more. Na ninke na kai ranar Asabar. Ina buɗe ledar ɗakin ya ɗauka, mata suka fara waige, wata ta ce kai wannan wane irin ƙamshi ne mai daɗi haka, ni kuma sai washe baki nake. Mai shagon ta ja ni gefe a hankali ta ce bargon ya yi kyau sosai amma ba za ta iya sa shi cikin na asibiti ba. Ƙa'idar ita ce bargo ya zama sabo, ɗinkin gida ba na kanti ba, mai wankuwa, ba warin hayaƙi ba turare ba gashin kare ko mage, saboda wasu bakwaini ne a cikin kwalba, wasu masu asma ne, wasu kuma maganin ciwon daji ake musu ƙamshi kaɗan sai amai. Wallahi sai da na ji ƙwalla ta taho min. Haushi na fara ji, a mota ina ta mita ni kaɗai wai sun raina abinmu ne, kafin in kai gida na sauko, don na tuna ɗan ƙanwata mai asma da ake fita da shi tsakar gida duk lokacin da aka sa turare. Sau uku na wanke bargon da sabulu marar ƙamshi, turaren Barno ya ce yana nan daram. Shi ne wanda kuka gani a hoton, yana kan gadon autana. Yanzu kayan sadaka a cikin roba mai murfi suke zama a gareji, can nake ɗinka su.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yadda suke tsananta wa kayan da kyauta za a bayar fiye da na sayarwa. Mu sau da yawa in an ce sadaka sai a buɗe durowa a zaɓo wanda ya koɗe. Nan kuwa sai a ɗaga bargo a haske a bi shi layi-layi ana neman zaren da ya saki, a shafa ko'ina da hannu kar a manta fil a ciki, maɓalli ko dutsen ado ba a sawa ko ɗaya don kar yaro ya haɗiye. Kuma ba za ki taɓa ganin yaron ba, ba hoto ba suna, asibiti ba ya bayarwa. Da farko abin ya dame ni, ina son in ga fuskar wanda na yi wa wahala, daga baya na ga ai irin sadakar da hannun hagu bai san abin da dama ya bayar ba kenan, an hutar da ni daga riya ba don na so ba.

Sai keke mai dogon hannu, wanda shi ne ainihin sana'ar shagon. Wani ƙaton keke ne a kan tebur mai tsawon ƙafa 12, ana naɗa hawa ukun nan a jikin sanduna, kan keken ne ke yawo a kan bargon yana zana fure ko ganye, na shagonmu kwamfuta ce ma ke tuƙa shi. Abin da zai ci miki sati a ƙaramin keke kina kokawa da bargo a wuya shi awa biyu uku ya gama. Na sadaka kyauta suke yi. Naki na gida kuwa santi 2 ne a kowane inci murabba'i, wato mai inci 60 da 80 dala 96 kenan, ban da auduga da zare, kuma shafinki ya fi saman da inci 4 ta kowane gefe in ba haka ba su dawo miki da shi. Aikin yana fita tsaf, ban taɓa samun tattara a baya ba.

Amma alƙawarinsu irin na telan sallah ne, ashe halin ba na ƙasa ɗaya ba ne. Na kai nawa farkon Nuwamba aka ce sati uku, sai da ya yi sati tara, Kirsimeti ta zo kowa na son kyautar jikoki, kuma ba wanda ya kira ni ya ce Hajiya yi haƙuri, ni ce ke ta bugawa ana ce min mako mai zuwa. Wanda na so in ba maƙwabciyata ranar suna sai da jaririn ya kusa arba'in da goma. Saboda haka daga Oktoba zuwa ƙarshen Disamba kar ki kai abin gaggawa. Akwai kuma wata ma'aikaciya guda ɗaya da in na shigo da hijabina sai ta riƙa bina layi-layi tana min magana da ƙarfi a hankali kamar kurma, har ta taɓa nuna min yadda ake zira zare a allura. Sauran ba haka suke ba ko kaɗan, ita kaɗai ce, amma ita ce a kan kantar shagon ranar Laraba da Alhamis, ni dai na daina zuwa a ranakun. Ga mage a shagon, ƙatuwa tana kwance a kan teburin yanka, ku da kuka hana gashin mage! Sun ce ba ta shiga ɗakin baya kuma ana wanke komai kafin a kai, to na ji, amma na faɗa musu ra'ayina. Zaman Zoom ɗin ma ƙarfe 8 na dare ne, da rani yana cin karo da magariba, kuma zauren Facebook ɗin in ba ki kashe ƙararsa ba wayarki ba za ta huta ba, rabin abin hotunan jikoki ne da karnuka.

Ranar gayya kowa na kawo abinci, ki riƙa tambaya kafin ki ci don naman alade yana ɓuya har cikin wake da salak. Tunda suka gane yanzu suna rubuta min 'yar takarda a jikin kowane kwano. Ni cincin nake kai musu da dambun nama, cincin ɗin baya kai azahar. Sallah kuwa mai shagon da kanta ta share min wani lungu a sito tsakanin bandiran yadi, ta ce in bar dardumata a can.

Wata baƙar fata a cikinmu 'yar asalin Alabama ita ta fara ce min in kawo atamfa. Ta nuna min hotunan bargunan matan Gee's Bend, wani ƙauye a jiharsu, jikokin bayi ne da ke harhaɗa tsofaffin wandunan aiki da buhuna don maganin sanyi, ba ruler ba awo, amma a 2002 sai ga su a gidan adana kayan fasaha na Houston da na Whitney a New York, a 2006 har kan sarki aka buga da su. Na ce ikon Allah, mu kuwa ƙyallen da tela ke sharewa ya zuba a buhu sai dai a cusa a matashin kai ko yara su yi wa 'yar tsana zani. Na gwada da ragowar atamfofin lefena da ban taɓa ɗaurawa ba, tana yi sosai tunda auduga ce, sai dai ki wanke ta sau biyu tukuna ta saki sitaci da abin da za ta zubar, ja da shuɗi mai duhu musamman, ki jiƙa su daban ki gani. Mai ƙyalƙyali da roba-roba kar ki sa, tana narkewa a dutsen guga. Bargon atamfar nan da na ɗaga shi ranar Asabar sai da aka tafa, har mata uku suka ce in sayo musu turmi.

In maki zan ba su cikin 5, yadi da farashi 3, keke mai dogon hannu 4 saboda jinkirin nan, ɗakin baya kuwa 5 ba tare da na yi tunani ba. Kayan da yawa ina saya a intanet, amma duk wata sai na sayi ko yadi ɗaya ne a wurinsu da gangan, don in shagon ya rufe kamar yadda Joann ta rufe ban san inda za mu taru ba. Zuwa yanzu barguna 6 na miƙa, ba wanda aka dawo min da shi bayan na farkon. Na riga na tura wa ƙanwata kuɗi ta bi telolin Sabon Gari ta tattaro min sababbin ƙyallayen atamfa, Yayanmu zai taho min da su in zai zo, na kuma ja mata kunne har sau uku kar ta kuskura ta turara min su.